Conan ya mutu ne, ko ma'aunin ne ya tsufa? Fashin baƙi kan alƙaluman masu kallon anime a Japan

Idan shirin talabijin da a da gida 23 cikin kowane ɗari ke kallonsa ya koma gida biyar ko shida kacal ke kunna shi, ya mutu ke nan? Wannan tambaya ba ta daɗewa ba ta dawo ba a tsakanin matasanmu masu bin katun ɗin Japan da ake kira anime. Wani zai samo jadawalin mako-mako na masu kallo daga Tokiyo, ya ga Detective Conan da kashi 5 da ɗoriya, One Piece ma ƙasa da haka, sai ya yanke hukunci: ko a garinsu an gaji da su, saura masu shirin su naɗe tabarma. Wani kuma ya ɗauko masa lissafin gidajen sinima, inda fim ɗin Conan na 2024 ya tara sama da yen (kuɗin Japan) biliyan 15 a Japan kaɗai, kuɗin da bai taɓa samu ba a tarihinsa. Sai gardama ta kaure, kowa da lambarsa a hannu, kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

Abin da ke rikita mutane shi ne lambobin biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba. Zan bi sawun Conan ne saboda shekarunsa sun ratsa dukkan sauye-sauyen da talabijin ɗin Japan ya gani daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa yau, sannan in jawo wasu tsofaffin shirye-shirye inda suka dace.

Yaron da ya ƙi fita daga aji ɗaya

Gosho Aoyama ne ya fara zana labarin a mujallar Shonen Sunday a 1994. Shinichi Kudo ɗan sakandare ne mai shekara 17 da ya ƙware wajen gano masu laifi. Wasu 'yan ƙungiyar asiri masu baƙaƙen kaya suka ɗura masa guba, maimakon ya mutu sai jikinsa ya koma na ɗan firamare, ya ɓoye da sunan Conan Edogawa. Ranar 8 ga Janairun 1996 tashar Yomiuri TV ta Osaka ta fara nuna shi a matsayin katun, ta hanyar tashoshin da ke haɗe da Nippon TV, duk Litinin da ƙarfe 7:30 na dare. A watan Maris na 2021 aka nuna fitowa ta 1000. Har yau yaron yana aji ɗaya na firamare, sai dai wayar hannunsa ce ta sauya sau da yawa.

Da yawa daga cikinmu ba da Japananci muka san shi ba. Duk gidan da ke da dish mai kamo tashoshin Larabawa, daga Kano zuwa Injamena zuwa Khartum, ya san shi da muryar Larabci a tashar Spacetoon, fassarar da aka yi a Damaskus. A riƙe wannan a zuciya, domin ko ɗaya daga cikin waɗannan miliyoyin yara bai taɓa shiga lissafin da ake gardama a kansa ba.

Me wannan lamba take aunawa?

Japanawa na kiran ma'aunin "shichoritsu". Kamfani ɗaya ne ke fitar da shi, Video Research, wanda aka kafa a 1962. A da yana da abokin takara, Nielsen na Amurka, amma ya janye daga wannan harka a Japan a shekarar 2000, filin ya zama na Video Research shi kaɗai.

Ba bi gida-gida suke yi suna leƙa falo ba. Wasu gidaje ake zaɓa, a haɗa wata na'ura da talabijin ɗinsu, ita kuma ta riƙa aika bayanin tashar da aka kunna minti-minti. Kamar mai sayen hatsi ne a Dawanau: ba ya zazzage buhu, ƙarfe yake sokawa ya ciro ɗan kaɗan ya duba a tafin hannu. Lambar da jaridu suka fi bugawa kuma ba ta Japan gaba ɗaya ba ce, ta yankin Kanto ce, wato Tokiyo da kewayenta, inda mutum sama da miliyan 40 ke zaune. Shekaru da yawa gidaje 600 ne kacal ke wakiltar wannan yanki. A Oktoban 2016 aka ƙara su zuwa 900, a 2020 kuma zuwa 2,700.

Wannan na da ma'ana babba. Da gidaje 600, idan aka ce shiri ya samu kashi 10, gaskiyar tana iya kasancewa ko'ina tsakanin kashi 7.6 da 12.4, domin tazarar kuskuren ta kai kusan 2.4 ta kowane ɓangare. Ke nan duk wanda ke murna ko baƙin ciki saboda shiri ya tashi daga 8.1 zuwa 8.9 a mako guda, ƙurar lissafi yake bi. Kuma saboda gidajen ba su da yawa, kowane gida zinare ne. A 2003 an bankaɗo wani furodusa na Nippon TV da ya yi hayar masu bincike suka gano wasu daga cikin gidajen, ya riƙa ba su na goro don su kunna shirye-shiryensa. Abin ya zama abin kunya a ƙasar.

Sannan akwai lamba iri biyu, kuma nan ne masu gardama suka fi yin tuntuɓe. Akwai lissafin gida, akwai lissafin mutum. A lissafin gida, idan akwai mutum biyar a gida, talabijin na kunne, kaka kaɗai ke zaune gabansa, an ƙirga gida ɗaya cur. A lissafin mutum kuwa, kowane ɗan gida yana da maɓallinsa da zai danna idan ya zauna kallo, don haka mutum ɗaya cikin biyar aka samu. Lissafin mutum kullum ya fi ƙanƙanta sosai. Tun 2020 shi tashoshi da masu talla suka fi dogaro da shi, amma duk manyan lambobin tarihi da ake ambata na lissafin gida ne. Wanda ya ɗauko lissafin gida na 1999 ya jera shi da lissafin mutum na bana, ya auna da tiya ne ya kwatanta da mudu.

Abu na ƙarshe: wannan lamba ta kallon kai-tsaye ce, a daidai lokacin da tasha ke watsawa. Wanda ya naɗi shirin ya kalla daga baya, sai a Oktoban 2016 aka fara ƙirga shi a hukumance, idan ya kalla cikin kwana bakwai, kuma a wani jadawali daban ake fitar da shi. Wanda ya kalla a waya ta TVer, dandalin da manyan tashoshin Tokiyo suka haɗu suka buɗe a 2015, ko ta Netflix, ko ta Hulu na Japan wanda Nippon TV ɗin ce ma ta mallake shi tun 2014, ba ya cikin wannan lamba.

Ya zo kasuwa da la'asar

A zamanin da talabijin ke sarauta, katun ne ɗaya daga cikin manyan fadawa. Astro Boy na Osamu Tezuka, wanda ya fara a 1963, ya taɓa haura kashi 40. A jerin da Video Research ke riƙe da shi tun 1977, Chibi Maruko-chan ne a sama da kashi 39.9 ranar 28 ga Oktoban 1990, sai Sazae-san da 39.4 ranar 16 ga Satumban 1979, sai Dr. Slump da 36.9 a 1981. Doraemon ya samu 31.2 a 1983. A duba shekarun da kyau. Babu ko ɗaya bayan 1990. Dragon Ball Z da duniya ke ji da shi bai kai kashi 30 ba ko sau ɗaya.

Ke nan Conan ya zo kasuwa ne da la'asar, ana ci amma an fara ɗaure kaya. Duk da haka ya yi ciniki. A ƙarshen shekarun 1990 kashi 20 ba baƙonsa ba ne, ya kai ƙololuwa da kashi 23 da ɗoriya a 1999. Daga farkon shekarun 2000 sai gangara ta fara, ba faɗuwar farat ɗaya ba, irin zaizayar da ruwa ke yi wa katangar ƙasa. Kafin 2010 ya koma wajen kashi 10, wani makon ma bai kai ba. A Afrilun 2009 aka ɗauke shi daga daren Litinin aka kai shi ƙarfe 6 na yammacin Asabar, inda yake har yanzu. A 'yan shekarun nan yana yawo ne galibi tsakanin kashi 5 da 7 a lissafin gida.

Wannan ƙaura ta 2009 ta fi kowace lamba muhimmanci. Masu talabijin a Japan na kiran ƙarfe 7 zuwa 10 na dare "lokacin zinare", domin a nan talla ta fi tsada. Fitar da shiri daga wannan lokaci kamar tayar da ɗan kasuwa ne daga bakin titi a mayar da shi layin baya. Kuma ba Conan kaɗai aka tayar ba. One Piece, wanda Fuji TV ta fara a Oktoban 1999 da ƙarfe 7 na daren Laraba, an mayar da shi 9:30 na safiyar Lahadi a Oktoban 2006. Doraemon da Crayon Shin-chan, waɗanda suka shafe shekaru suna riƙe da daren Juma'a a TV Asahi, an kwashe su zuwa yammacin Asabar a Oktoban 2019. Idan rijiya ɗaya ta ƙafe a gari ana iya zargin mai haƙa. Idan duk rijiyoyin suka ja baya tare, sai a tambayi damina.

Ina masu kallon suka tafi?

Amsa ta farko mai sauƙi ce kuma mai nauyi: wasu ba a haife su ba. A 1973 an haifi jarirai sama da miliyan biyu a Japan. A shekarar da Conan ya fara, kimanin miliyan 1.2. A 2016 adadin ya faɗo ƙasa da miliyan ɗaya a karon farko, a 2022 ƙasa da dubu 800, a 2024 ƙasa da dubu 700. Yara 'yan ƙasa da shekara 15 sun kusa miliyan 20 a 1996, a 2025 ba su kai miliyan 14 ba, kuma adadinsu na raguwa kowace shekara ba fashi tun 1982. Ga mai karatu daga ƙasar da kusan rabin jama'arta yara ne, wannan abu ne mai wuyar hasashe: unguwa sukutum babu hayaniyar yara da yamma, makarantun firamare ana rufe su saboda babu ɗalibai.

Yanzu a haɗa wannan da yadda lissafin gida yake. A ƙidayar 2020, kashi 38 na gidajen Japan mutum ɗaya ne kawai a ciki. Kusan kashi 29 na jama'a sun kai shekara 65 ko sun wuce. Lissafin gida bai san bambanci tsakanin gida mai yara uku da ɗakin tsoho mai zaman kaɗaici ba, kowanne ɗaya ne. Ko da a ce duk yaron da ke Kanto ya zauna gaban Conan ranar Asabar, ba za a sake ganin lambar 1999 ba, domin gidaje masu yara sun zama 'yan tsiraru a cikin lissafin.

Amsa ta biyu ita ce talabijin ɗin kansa ya yi baya. A ƙarshen shekarun 1990, a lokacin zinare, kusan gida 70 cikin ɗari na da talabijin a kunne. Yanzu abin bai wuce rabi ba. Tuwon da ake rabawa ne ya ragu, ba lomar Conan kaɗai ba. Shi ya sa za ka ga shiri da kashi 6 amma yana cikin uku ko huɗu na farko a jerin katun na makon. Da a 1999 ne, kashi 6 takardar sallama ce.

Amsa ta uku ta shafi yanayin rayuwa. Yaran Japan da yawa daga makaranta suke wucewa darasin yamma da ake kira "juku", ba sa dawowa sai dare. Na'urar naɗar shiri ta zama ruwan dare tun kafin wayar zamani ta zo, kuma katun na cikin abubuwan da aka fi naɗa, saboda ba labarai ba ne da za su kwana su yi tsami. Sai YouTube da wasannin waya suka zo suka kwashe sauran lokacin.

Akwai kuma laifin shirin kansa, bai kamata a wanke shi tas ba. Katun na cinye labari da sauri fiye da yadda mai zane ke iya samarwa, Aoyama kuma yana yawan ɗaukar hutu. Don kada su cim masa, masu shirin na cusa labaran ciko da ba su da alaƙa da babban zaren labarin, wani makon ma tsohuwar fitowa ake gogewa a sake nunawa. Wanda ke jiran ya ga yadda za ta kaya da ƙungiyar masu baƙaƙen kaya yana iya yin watanni bai ga an matsa ko taku ɗaya ba. Irin wannan mai kallon ya koyi darasi: ba ya zaman jiran Asabar, sai ya ji an ce an taɓa babban labari ya je ya nemo a intanet. Masoyi ne na haƙiƙa, amma a idon na'urar Video Research ba ya nan.

Kuɗin ya sauya ƙofar shigowa

Fim ɗin Conan na farko ya fito a 1997, ya tara kimanin yen biliyan 1.1. A lokacin ne shirin talabijin ke kan ganiyarsa. Tun daga nan kusan kowane Afrilu sai an fitar da sabo, daf da jerin ranakun hutun da Japanawa ke yi a ƙarshen Afrilu da farkon Mayu. 2020 ce kaɗai aka yi fashi saboda korona. Na 2016 ya haura biliyan 6. Na 2018 da na 2019 kowanne ya haura biliyan 9. Na 2023 ne ya fara ƙetare biliyan 10, ya tsaya a kusan 13.9. Na 2024, wanda aka kafa labarinsa a birnin Hakodate, ya kai kusan 15.8. Wato a daidai shekarun da lambar talabijin ta ragu zuwa kusan rubu'in abin da take, kuɗin sinima ya ninka fiye da sau goma.

Su waye ke sayen tikitin? Yaran 1996 ne, waɗanda yanzu sun haura talatin ko arba'in, suna da albashi. Wasu na zuwa da 'ya'yansu, wasu, musamman mata, na komawa su kalli fim ɗaya sau da dama saboda wani jarumi da suke so. Fim ɗin 2018 ya yi fice da wannan, inda masoyan Toru Amuro, ɗaya daga cikin jaruman labarin, suka riƙa maimaita zuwa don a taya fim ɗin kaiwa biliyan 10. Masu shirin sun fahimci haka, suka riƙa ɗora kowane fim a kan wani fitaccen jarumi da wani gari na gaske da mutane za su so ziyarta. A jihar Tottori, mahaifar Aoyama, har filin jirgin sama an raɗa wa sunan Conan a 2015.

Ga abin da mai kallon jadawali kawai ba zai gani ba. Finafinan anime a Japan ba kamfani ɗaya ke zuba musu kuɗi ba. Kwamiti ake kafawa, kowa ya kawo nasa, a raba riba gwargwadon hannun jari. A kwamitin finafinan Conan akwai kamfanin ɗab'i Shogakukan, da TMS masu zanawa, da Toho masu rarrabawa, akwai kuma Yomiuri TV da Nippon TV su kansu. Ke nan tashar da ke nuna Conan ranar Asabar tana da kaso a biliyoyin Afrilu. Rabin sa'ar nan ta mako-mako ba don tallar sabulu kaɗai ake riƙe da ita ba, ita ce ke hana sunan yin sanyi tsakanin fim da fim. Kuma duk shekara idan sabon fim ya kusa, Nippon TV na jera tsofaffin a daren Juma'a, a cikin lokacin zinaren da aka kori shirin daga ciki.

Haka lamarin yake a faɗin harkar. Demon Slayer ya fara a 2019 a cikin dare, lokacin da lambar masu kallo ba ta taka kara ta karya ba, amma fim ɗinsa na 2020 ya haura yen biliyan 40 a Japan, ya kafa tarihi. Fim ɗin One Piece na 2022 ya tara kusan biliyan 20. Ƙungiyar kamfanonin anime ta Japan ta ƙiyasta darajar harkar a 2023 da sama da yen tiriliyan 3.3, kuma fiye da rabi daga ƙasashen waje ya shigo.

Wanda lambar ke yi wa ciwo da gaske

Kada a ɗauka lambar ta zama banza ga kowa. Akwai shirin da ita ce jininsa, kuma abin mamaki shi ne wanda ya fi kowa samun ta.

Sazae-san ya fara a Fuji TV ranar 5 ga Oktoban 1969, daga zanen Machiko Hasegawa, kuma kundin Guinness ya tabbatar masa da cewa babu katun na talabijin da ya kai shi daɗewa. Babu faɗa, babu tsafi, babu mai laifi. Labarin wani gida ne a Tokiyo: Sazae da mijinta Masuo da ɗansu, zaune da iyayenta da ƙannenta biyu da kyanwa. (Mijin ne ya tare a gidan surukai, abin da a nan za a yi ta yi da shi a majalisa, a can ma har sunansa ya zama laƙabin irin waɗannan mazan.) Duk Lahadi da 6:30 na yamma ake nuna shi, har Japanawa na kiran kasalar da ke kama mutum idan ya tuna gobe Litinin akwai aiki da "ciwon Sazae-san".

Har yau shi ne yawanci na ɗaya a jerin katun na mako. Amma daga kashi 39.4 ya dawo ƙasa da 10. Kuma shi ba shi da fim ɗin Afrilu, ba shi da kasuwa a waje, shekaru da dama ma ba a sayar da shi a kaset ko faifai ba. Abincinsa talla ce. Kamfanin Toshiba ne ya ɗauki nauyinsa shi kaɗai daga 1969 zuwa 1998, ya ci gaba tare da wasu har zuwa Maris na 2018, lokacin da badaƙalar lissafi da asarar da reshensa na nukiliya a Amurka ya jawo suka tilasta masa janyewa. Cikin waɗanda suka maye gurbinsa har da Amazon, ɗaya daga cikin masu janye mutane daga gaban talabijin. A farkon 2025 kuma, da kamfanoni suka ƙaurace wa Fuji TV saboda wata badaƙala da ta shafi wani fitaccen mai gabatar da shiri, sai da aka nuna Sazae-san babu sunan mai ɗaukar nauyi ko ɗaya.

Ga kuma wata matsalar. Masu talla yanzu ba yawan kai suke saye ba, shekaru suke saye. Nippon TV da wasu tashoshi na fifita lissafin 'yan shekara 13 zuwa 49, masu sayen mota da waya da kayan jarirai. Shirin da ke da kashi 8 amma yawancin masu kallonsa tsofaffi ne yana iya kasa shirin da ke da kashi 5 na matasa daraja a wurin mai talla. Don haka ko jerin sunayen da ke jadawalin ba lallai ya yi daidai da jerin kuɗin da ke shiga ba.

To wa ke da gaskiya, kuma me ya shafe mu?

Masu cewa Conan ya mutu sun yi kuskure, lissafin sinima ya ishe su amsa. Amma ban yarda da masu cewa faɗuwar lambar ba komai ba ce. Akwai aikin da talabijin na kyauta ke yi wanda babu abin da ya maye gurbinsa tukuna. Yaron 1996 bai zaɓi Conan ba, cin karo ya yi da shi, ana cin abincin dare talabijin na kunne, washegari duk ajinsu maganar ake yi. Wannan cin karon ne ya zama biliyoyin yau. A Netflix ko YouTube kuwa sai ka nema, ko na'ura ta miƙo maka irin abin da ka riga ka kalla. Girbin da ake yi yanzu shukar shekaru 25 da suka wuce ce, kuma gonar da ake shukawa a yau ta fi ƙanƙanta, ga yaran ma ba yawa. Wannan ce damuwar da ta cancanci a yi, ba tashin 0.8 ko faɗuwarsa a mako ba.

Ga iyali a Japan, sauyin na nufin abin da yaro ke samu kyauta da daddare ya koma ko dai yammacin Asabar, ko bayan kuɗin rajista na wata-wata. Sababbin shirye-shiryen da ake ji da su yawanci ƙarfe 11 na dare ko bayan haka ake sa su, da manya a zuciya.

Ga mai kallo a Kano ko Maraɗi ko Kumasi, tasirin ya fi bayyana a siffar shirin. Tsohon tsari shi ne a fito kowane mako, shekara da shekaru, don kada tasha ta rasa abin cike gurbi, kuma shi ne ya haifi ciko da jan labari da zanen gaggawa da kowa ke ƙorafi a kai. Idan kuɗi daga masu rajista a Crunchyroll (dandalin kallon anime a intanet) da Netflix yake zuwa, abin da ake buƙata shi ne fitowar da za a yanko a yaɗa a waya ana mamakin kyawunta. One Piece ya riga ya bi wannan hanya. Ya tafi hutu a Oktoban 2024, ya dawo a Afrilun 2025 ba da safiyar Lahadi ba, sai 11:15 na dare, lokacin da babu wanda zai ce don 'yan firamare aka yi. Daga baya masu shi suka sanar da cewa daga 2026 ba za su wuce fitowa 26 a shekara ba. Mun ga makamancin wannan a gida, inda shirye-shiryen Hausa masu dogon zango ke fita a tasha amma yawan kallon YouTube ne ake kafa hujja da shi.

Yawancin masu wannan gardama a wajenmu kuwa, a waya suke kallo, wani ya sauke ya tura wa wani, ko a kai memori shagon masu tura finafinai a cika. Wannan kallon ba ya cikin lissafin Video Research, ba ya cikin na sinima, ba ya cikin na masu rajista. Conan dai na nan a ƙarfe 6 na yammacin Asabar agogon Tokiyo, wato ƙarfe 10 na safe agogon Najeriya da Nijar, kuma gidaje 2,700 na Kanto ne za su faɗi lambar da za a yi musu a kanta mako mai zuwa.